Dillaliyar da Ta Faɗi Sunan Ƙauye

Mu mutanen Gabrovo duk ƙasar nan ta san mu da rowa, kuma ba ma musu. Amma rowar da Radostina Gancheva ta gada wurin ubanta ta fi ta kowa, don ita sunan ƙauye take yi wa rowa. Marigayin ya yi dillancin gidaje tun kafin a san wani abu wai shi intanet, kuma karatu ɗaya ya dasa mata a ka: kada ki kuskura ki faɗa wa mai saye sunan ƙauye sai ya shiga motarki kin rufe ƙofa. In kika faɗa, zai tafi shi kaɗai, ya tambaya a shagon ƙauyen a nuna masa gidan, su daidaita da mai shi, ke kuma ki tashi a tutar babu. Haka duk dillalan yankin suke yi. Shi ya sa kowane gida a shafinta na intanet bayaninsa ɗaya ne: "Gida mai kyau a wani ƙauye mai natsuwa kusa da Gabrovo."

Yawancin gidajen da ke hannunta na ƙauyen Yasenets ne, inda matasa suka watse zuwa ƙasashen waje aka bar tsofaffi da kuliyoyi. Tsofaffin nan kuwa ba sa motsi sai sun ga inda Stamen ya sa ƙafa. Diyado Stamen ake ce masa, wato Kaka Stamen, da jika da wanda ba jika ba. 'Yarsa ta matsa masa ya koma wurinta a birnin Ruse kafin hunturu, don haka ya ba Radostina gidansa ta sayar, amma da wa'adi irin na mutanen da.

"Daga ranar Waliyi Georgi zuwa ranar Waliyi Dimitar," in ji shi. "Haka ubana ke ɗaukar makiyayi. In kaka ta ƙare tumaki ba su yi ƙiba ba, a yi sallama ba faɗa. Yaran nan masu kwat na kamfanin dillancin birnin Sofiya sun zo sau nawa, ina korarsu saboda ubanki. Amma kara ma tana da iyaka, 'yar nan."

Ta san abin da hakan ke nufi. In ya tafi wurin 'yan Sofiya, ƙauyen kaf zai bi shi, ita kuma ta sa kwaɗo a ofishin ubanta. A watan Mayu aka yi maganar. Ga shi Agusta ya shigo, wa'adin na ƙarshen Oktoba, kuma ko mutum ɗaya bai buga waya a kan gidan ba.

Ana cikin haka Temenushka ta zo hutu daga Plovdiv. 'Yar ƙanwar babanta ce, Nushka ake ce mata, aikinta shi ne gyara wa 'yan kasuwa shafukansu don su riƙa fitowa a saman jeri in mutum ya yi bincike a intanet. Bakinta kuwa ba ya da linzami. Ta zauna a ofishin tana shan kofi, ta ɗauko waya ta rubuta "gidan sayarwa a Yasenets", ta miƙa wa Radostina.

"Nemo min kanki a nan."

Radostina ta ja ƙasa, ta sake ja. Ga labarin wani biki, ga hasashen yanayi, ga tallan kamfanin Sofiya da ko gida ɗaya ba shi da shi a ƙauyen. Nata shafin ko ƙyallinsa babu.

"Injin ne bai san aikinsa ba," in ji ta.

"Haba Yaya! Injin boka ne? Ta ina zai san gidan a Yasenets yake tunda ba ki rubuta ba? Kin ɗauki bayani ɗaya kin liƙa wa duk gidajen, to shi a ganinsa gida ɗaya kike ta maimaitawa. Hotunanki kuma nauyi kamar buhun siminti, kafin su buɗe a waya mutum ya tsufa. Kowane gida ya samu fejinsa, da sunan ƙauyen ɓaro-ɓaro a sama, da bayanin da ba na kowa ba sai nasa."

"Sunan ƙauye? A fili? Ke Nushka, kina so Baba ya juya a kabarinsa?"

"Kawu a jarida yake talla, mutane su bugo masa waya. Yanzu wa zai yi cinikin biri a sama? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Yaya."

"In suka tsallake ni fa?"

Nan Nushka ta daina dariya. "Za su iya. Ba zan yi miki ƙarya ba. Amma yanzu ma wa ya zo, balle ya tsallake ki?"

Maganar ta yi wa Radostina zafi, don gaskiya ce. Ta yi kwanaki tana juya ta, gaba kura baya sayaki. Daga ƙarshe ta ɗauki mota ta tafi Yasenets, ta zauna a tsakar gidan tsohon yana ta cika ta da surutun siyasa, ita kuwa tana kallon abin da ke gabanta kamar ba ta taɓa gani ba. Da ta koma ofis ta rubuta shi yadda yake. Rumfar inabi da ke rufe rabin tsakar gida. Rijiyar da ba ta ƙafewa ko a shekarar fari. Shamuwa da ke sheƙa a kan turken lantarki gaban coci. Bas na zuwa safe da yamma, in an yi dusar ƙanƙara kuma sai an share hanya. Ta daɗe tana kallon allon kafin ta ƙara cewa rufin yana yoyo ta kusurwar arewa. Sannan ta rubuta Yasenets a sama, ta danna.

Nushka ta rage wa hotunan nauyi, ta sa taswira, ta roƙi wata mai masaukin baƙi a ƙauyen gaba ta ambaci shafin a nata. Sauran gidajen ma aka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da nasa labarin.

Sai kuma shiru. Mako ya wuce, wani ya bi shi. Radostina kullum da safe kafin ta wanke ido sai ta rubuta sunan ƙauyen a waya, ta ga babu, ta bugo wa Nushka.

"Kin sa na yi tsirara a kasuwa a banza!"

"Yaya, ba fanke ba ne da za a juya ya nuna. Ki bar injin ya zagayo. Kuma don Allah ki bar ni in yi barci."

A tsakiyar Satumba shafin ya leƙo daga can ƙasa. Bayan 'yan kwanaki ya hauro tsakiya. Ranar da ta gan shi a sama, saman na 'yan Sofiya, ta yi ihu ita kaɗai a ofis har mai aski na maƙwabta ya leƙo ya ga ko lafiya. Waya ta fara shigowa jifa-jifa, mai tambayar rijiya, mai tambayar bas. Amma tambaya ba ciniki ba ce, kuma Oktoba ta riga ta kama.

Wata Asabar da hantsi Ginka mai shagon Yasenets ta bugo.

"Radostina, baƙinki sun iso lafiya?"

"Waɗanne baƙi?"

"Af! Ba ke kika turo su ba? Mace da namiji, motarsu da lambar Sifaniya. Sun nuna min hoton gidan Diyado a waya, ni kuma na ce su bi ta gaban coci su yi hagu. Tun ɗazu suna can."

Radostina ta miƙe zumbur. Abin da ake gudu ke nan, kuma ita da hannunta ta buɗe masa ƙofa. Ba ta san lokacin da ta ɗauki makullin mota ba. Tana tuƙi tana jin muryar ubanta a kunne, tana zagin Nushka, tana zagin kanta da ta biye wa yarinyar da ta goya. Ta gama ganin abin a ranta: sun zagaya ɗakuna, sun sha hannu, tsohon zai ce mata, "Ai su suka zo da kansu, 'yar nan, ke me kika yi?" Kuma me za ta ce? Takardar da ke tsakaninsu ma babu, da baki aka yi. Kafin yamma duk ƙauyen zai ji cewa ba sai da dillaliya ake sayar da gida ba. Sai da ta tsaya a gefen hanya ta share hawaye don ba ta ganin gabanta sosai.

Motar baƙin tana ƙofar gida. Ƙamshin gasasshen tattasai ya cika layin, don lokacin dafa lutenitsa ne, miyar tattasan da ake ajiyewa don hunturu. Ta tura ƙyauren ta shiga.

Ga wani magidanci mai riga fara, ya naɗe hannu har gwiwa, yana zaune a kan guntun kujera ƙarƙashin rumfar inabi. Ga matarsa kusa da shi da tsohon zanen girki ɗaure a ƙugu. Tsakaninsu babban daro cike da tattasai, suna ɓare baƙar fatar, yatsunsu duk sun yi ja. Diyado Stamen kuwa ya kafa kujerarsa a daidai bakin ƙofar shiga ɗaki, ya gitta sandarsa a cinya.

"Yawwa, ga ta nan," in ji shi. "Ke kuma sai yanzu? Na ce wa Ginka tun ɗazu ta kira ki, ita kuma sai ta gama tsegumi."

Magidancin ya miƙe, ya rasa hannun da zai ba ta, ya yi dariya. Sunansa Lyuben, matarsa Yoana. Kakarsa 'yar Yasenets ce, shi kuma ya daɗe yana aikin gini a Valencia, can Sifaniya. Ya ce duk lokacin da kewar gida ta kama shi sai ya rubuta sunan ƙauyen a waya, bai taɓa samun komai ba sai hasashen yanayi, sai kwanan nan ya ga gida har da shamuwar coci.

"Mun so mu bugo miki," in ji Yoana, "sai muka ce bari mu leƙa ƙauyen tukuna. Da muka ce a nuna mana ciki, sai ya miƙo mana daro."

"Ciki?" Tsohon ya buga sanda a ƙasa. "Ni na san ku? Wadda ta kirawo ku ita za ta shigar da ku. Ni na ɗauki ma'aikaciya, kuma ban sallame ta ba. Wannan ma ya fara yi min maganar kuɗi, na ce ya riƙe bakinsa ya ɓare tattasai."

Radostina ta ji wani sanyi ya sauko mata tun daga ka har ƙafa. Ta dafa turken rumfar. Ta buɗe baki za ta yi godiya, idanunta suka ciko da hawaye.

"Kada ki yi min kuka a gida, ina da magana da ke," in ji tsohon. "Zo nan. Wannan ya karanta min abin da kika rubuta. Wa ya aike ki ki gaya wa duniya rufina na yoyo? Har Sifaniya!"

"To ai yana yoyo, Diyado."

"Ɗiga yake yi! Ɗiga daban, yoyo daban. Matata har ta mutu tana cewa yoyo ina cewa ɗiga, yanzu ke kin je kin ba ta gaskiya a gaban mutane."

"Diyado, saboda wannan layin muka taso," in ji Lyuben. "Na ce wa Yoana wadda ta faɗi aibin rufi ba za ta yi ƙarya a kan rijiya ba. Rufi kuwa sana'ata ce."

Tsohon ya harare shi, ya ja tsaki, amma ya janye kujerar daga bakin ƙofa.

Ta shigar da su. Suka duba ɗakuna, Lyuben ya hau sama ya ƙwanƙwasa katako ya sauko yana gyaɗa kai, Yoana ta tsaya a tagar kicin tana kallon rumfar inabi. Da suka fito suka ce ranar Litinin za su zo ofis a rubuta. Suka sha hannu da tsohon, shi kuma ya nuna Radostina da haɓa, sai da suka sha da ita ma.

Da baƙin suka tafi wanke hannu a rijiya, tsohon ya jawo ta gefe ya rage murya.

"In kin gama ki biya ta gidan Penka. Ita da ƙaninta suna so a rubuta gidajensu kamar nawa, har da na marigayi limamin coci. Za ta ce miki ki sa wai ruwan rijiyarta ya fi nawa daɗi. Ƙarya take yi, kada ki rubuta."

Radostina ta fashe da dariya, hawaye na zuba, ta kasa tsayar da ko ɗaya. Ta zube a kan guntun kujerar da Lyuben ya tashi a kai, ta yi ajiyar zuciyar da ta yi watanni tana riƙe da ita.

"To tunda kin zauna," in ji Diyado Stamen, ya turo mata daron da ƙafa, "saura rabi."