Jan Ruwa a Gindin Dam

Shekara goma sha tara ke nan Malam Sharafaddeen yana kula da dam ɗin da aka gina da jar ƙasa a bayan garin Kuru don tare ambaliya. Kowace safiya yakan gangara gindin bangon, inda ruwa ke tsattsafowa, ya ɗiba a kofin gilashi ya ɗaga sama. In ruwan ya fito garau, bango lafiya yake. In ya fito da laka, ruwa na cin bangon ta ciki.

Ranar uku ga Sallah ruwan ya fito ja.

Ya sake ɗiba, ja dai. Sai a lokacin ya lura kwaɗin wurin sun yi tsit. Gida na farko a ƙarƙashin bangon kuwa na ƙanwarsa Murjanatu ne.

Ya hau sama. 'Yan yawon Sallah sun cika bakin ruwa, mafitar da rarar ruwa ke bi kuma an jera mata buhunan yashi. Ya kira Fabian, mai yawo da mutane a kwalekwale.

"Wa ya toshe nan?"

"Ni ne, Baba. Ruwa ya yi ƙasa, jirgi yana kama laka. Kwana uku kawai."

"Zo ka gani."

Kusa da bango ruwan yana juyawa a hankali kamar ana dama kunu, ba ƙara ko kaɗan. Wata robar lemo ta zagaya sau biyu, ta nutse, ba ta sake fitowa ba. Fabian ya daina murmushi.

"Fitar da mutane, ka kwashe buhunan nan," in ji Malam, ya nufi gidan ƙanwarsa.

"Yaya, gara da ka zo," ta ce. "Tun jiya tsakar ɗakina ke jiƙe, ba a kuwa yi ruwa ba. Na ɗauka randa ce ta tsage."

"Ɗauki mayafinki."

"Tuwona na kan wuta fa."

"Bar shi, Murja."

Ta dubi fuskarsa, ta kwance awakinta biyu, suka bi gida-gida suna buga ƙofa.

Kafin la'asar duk unguwar ta taru kan wani dutse da ke kusa. Bangon dam yana nan tsaye, sama tas ba gajimare. Daga can suna kallon ruwa yana fitowa ta ƙofar Murjanatu, daga cikin ɗaki zuwa waje, a hankali, har ya kai murhu hayaƙin ya ɗauke.