Biyar Ɗin Gida

Goge-goge nake yi a wani gidan caca da ke Clark, shekara uku ke nan. Ina shiga ƙarfe tara na safe da tsummana da ruwan feshi, in bi injinan caca layi-layi ina goge shatin yatsun mutane daga gilashi, in kwashe kofunan kofi, ƙarfe biyar in hau jifni, motar hayarmu, in koma gida Angeles. Ban yi nisa a makaranta ba. Ba na gaggawa a komai, shi ya sa ma aikin ya karɓe ni.

Rufin gidanmu ya mutu tun bara, da guguwa ta ɗage gefe guda muka danne shi da tsofaffin tayoyi. A watan Afrilu yayata Marivic, da nake kira Atchi, wadda ke aikatau a Hong Kong, ta aiko da peso dubu sittin a sayi sabon kwano. Kafinta ya ce zai zo farkon Yuni, kafin ruwa ya sauka sosai. Kuɗin suna hannun Ima, mahaifiyarmu. Ba wanda ya yi tunanin a ajiye su wani wuri, don shekara talatin tana sayar da shinkafa a kasuwar Pampang, ba a taɓa cin ta ko gwangwani ɗaya ba.

Wata Talata da rana ina cikin goge layi na shida sai na ga bayan wata mata da na sani. Ima ce, da jakarta a cinya, gefenta Aling Meding mai ƙwai, maƙwabciyar rumfarta. Ashe motar kyauta da gidan cacan ke turawa bakin kasuwa ƙarfe ɗaya suka hau. Dokar aikinmu ita ce ka gai da mai wasa ka wuce, ba hira, ba shawara, ga kyamara a kowace kusurwa. Na ce, "Barka da rana." Ta ce, "Yauwa," kamar ba ita ta haife ni ba.

Da yamma muna cin shinkafa da busasshen kifi na ce, "Ima, me ya kai ki can?"

"Sanyi. Ka san zafin rumfar nan kuwa?"

"Da wane kuɗi?"

"Arnel, kai da kake aiki a wurin, ba ka karanta allon da ke ƙofa ba? Injinansu suna mayar da kashi casa'in da biyar cikin ɗari. Ni 'yar kasuwa ce. In na shiga da dubu biyu, mafi munin abin da zai same ni in fito da dubu ɗaya da ɗari tara. Ɗari ɗayan kuɗin sanyi ne da kofi. In kuma an dace, sai mu yi har da silin."

"Yau da nawa kika fito?"

"Yau ranar koyo ce, ba a sa ta a lissafi. Ci abincinka."

Na ci. Jikina ya ba ni akwai abin da bai daidaita ba, amma ban san ta inda zan kama shi ba. Allon nan kullum ni nake goge shi.

Washegari a kantin abincin ma'aikata na ɗauki farantina na zauna kusa da Koya Wency, kamar a ce Yaya Wency, mai gyaran injina. Shi ne ke buɗe cikinsu. Na ba shi labarin wata tsohuwa mai wasa a nan, na tambaye shi ko allon ƙarya ne.

Ya ce, "Ba ƙarya ba ne, shi ne ma abin haushin. Casa'in da biyar ɗin gaskiya ne, amma ba naka ba ne kai kaɗai. Na duk wanda ya taɓa danna injin ne, sau miliyoyi, a haɗa a raba. Wani ya tafi da dubu ɗari, mutum ɗari biyu su tafi da kuɗin jifni."

"To ai duk da haka biyar kawai gida ke ɗauka."

"Biyar a kowace dannawa, sarkin tsumma, ba biyar a ƙofa ba. Nawa tsohuwar ke sawa?"

"Hamsin."

"Sau goma a minti in tana jin daɗi. Awa ɗaya dannawa ɗari shida. Dubu talatin ke nan suka ratsa injin. Kason gida dubu ɗaya da ɗari biyar."

"Ba ta shiga da dubu talatin, Koya. Dubu biyu ne."

"Su ne ke zagayawa. Ta ci ɗari biyu, ta mayar. Ta ci tamanin, ta mayar. Duk wucewa sai an gutsura." Ya tsame ƙaya daga kifinsa. "Tsohuwar wa ce?"

Na ce ta wani abokina ce. Ya dube ni, ya tura mini ayabarsa.

Kwana huɗu ina juya maganar a kaina ina neman yadda zan faɗe ta da yaren da Ima ke ji. Ranar Lahadi da muka dawo daga coci na ɗauko robobi biyu, na auna shinkafa gwangwani ashirin a ɗaya, na zaunar da ita.

"Wannan kuɗinki ne. Duba." Na juye a roba ta biyu, na cire gwangwani ɗaya na zuba a tire. "Wannan na gida ne."

"To, saura goma sha tara. Abin da na faɗa ke nan."

Na sake juyewa, na sake ɗiba. Na sake. Ina ɗan rage ɗiban yadda shinkafar ke raguwa, don kar ta ce na yi son kai. Tana kallon hannuna irin kallon da take wa sabon yaron shago. A juyi na goma sha huɗu abin da ke robar bai kai rabi ba, tire ya yi tozo.

Ta ce, "Wane wawa ne zai yi ta juya shinkafarsa daga roba zuwa roba har sau goma sha huɗu?"

Na ce a hankali, "Ke, Ima. Kafin kofinki ya huce kin wuce haka."

"Ni ce wawar?"

"Ban ce ba."

"Ka ce mana. To malam mai lissafi, ina buhun? A robarka ba a taɓa ƙaruwa, kullum raguwa. Injin kuwa yakan jefo buhu guda. Meding ta ci dubu ashirin a watan Fabrairu, da idona na ga sabon firjinta."

"Wannan buhun daga cikin casa'in da biyar ɗin ne. Na wasu ne aka tara mata."

"To ni ma a tara mini. Ko goshina bai yi kama da na masu ci ba? Kwashe mini shinkafa daga ƙasa, kaji sun fara taruwa."

Na durƙusa ina tsince ƙwayoyi. Na san ina da gaskiya, amma ita ta fi ni baki, tun ina yaro haka muke.

Ranar Alhamis ta ci dubu takwas. Ina layi na tara na ji injinta na kiɗa, Aling Meding na ihu tana dukan kafaɗarta. Ban taɓa jin baƙin cikin sa'ar mutum ba sai ranar. Da yamma ta shigo da gasasshiyar kaza guda da sabon takalmi nawa, ta ajiye a gabana.

"Ga biyar ɗin gida, malam. Ci, ka juye a roba."

Takalmin ya yi mini daidai. Wannan ma ya ba ni haushi.

Daga nan kullum ƙarfe ɗaya da rabi tana kan inji guda, mai hoton bauna ta zinariya. Ta daina sauraren kiɗan ma. Takan shafa gilashin sau uku kafin ta danna, yadda sauran matan ke yi, in za ta ban ɗaki ta jingine kujera a jikin injin ta ɗora hankicinta, don kar wani ya zauna ya kwashe abin da ta ciyar da shi. Ni kuma ina inji na kusa ina gogewa. Ina ganin lambar da ke ƙasan allonta tana hawa kaɗan, tana sauka da yawa, tana hawa kaɗan. Ba ni da ikon cewa komai. In ta tashi ƙarfe huɗu in zo in goge shatin yatsunta. Wata rana na daɗe ina goge wuri ɗaya har shugabarmu ta tambaye ni ko gilashin zan huda.

Tsakiyar Mayu kafinta ya zo karɓar kuɗin kwano. Ima ta ba shi ruwan sanyi ta ce ya dawo mako mai zuwa. Da ya fita na rufe ƙofa.

"Ima, nawa suka rage?"

Ta daɗe tana gyara labulen da ba abin da ya same shi. "Talatin da huɗu."

"Dubu ashirin da shida sun tafi?"

"Ba su tafi ba. Suna cikin injin. An rubuta casa'in da biyar, hukuma ta sa hannu, ba za su iya riƙewa ba. Yanzu ya ci nawa da yawa, dole ya amayo. In na bari yanzu, shi ne na yi asara."

"Injin bai san ki ba, Ima. Koya Wency ya ce ba ya tuna dannawar da ta wuce. Kowace sabuwa ce."

"Injin da ke lissafin miliyoyi ne zai manta dubu ashirin da shida? Kai da Wency ɗinka. In ya san sirrin, me ya sa har yanzu yake cin abincin kanti?"

"Me zan gaya wa Atchi Marivic?"

"Ba ruwanka da Marivic. Ni na haife ta."

A bayan ofishin tsaro akwai wani ƙaramin teburi da ba kowa ke zuwa ba. Nan ake cike takardar da miji ko mata, ko uwa ko ɗa, ke neman a hana nasu shiga gidajen caca. Na sha goge teburin. Na karɓi takardar ranar Litinin, matar da ke wurin ta ce in kawo takardar haihuwata da hoton Ima. Na kai ta gida, na sa ƙarƙashin katifa. Kwana biyu ina cewa bari in sake gwada yi mata bayani, wataƙila da wake maimakon shinkafa zai fi fita. Kwana biyun nan sun ci dubu huɗu. Ranar Alhamis na sa hannu, na zaɓi wata shida, mafi ƙanƙanta. Kafin takardar ta bi hanyarta wasu dubu ukun suka bi baya.

Ranar da abin ya fara aiki an sa ni goge ƙofar gilashi ta shiga. Ban roƙa ba, haka jadawali ya faɗo. Motar kasuwa ta tsaya, mata suka sauko suna fifita da hankici. Mai gadi ya duba katin shaidar Ima, ya duba na'urarsa, ya sake duba katin. Ya rage murya, don yaron kirki ne.

"Ki yi haƙuri, Uwa, ba zan iya barin ki shiga ba."

"Saboda me? Jiya ma na shiga."

"Daga iyali aka nema."

Aling Meding ta ce, "Wane iyali? Mijinta ya rasu, 'yarta na Hong Kong," sai ta gan ni da tsumma, ta rufe baki. Ima ta juyo. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta karɓi katinta, ta sa a jaka, ta ja zif a hankali, ta taka zuwa bakin titi cikin ranar nan, don motar kyauta ba ta komawa sai ƙarfe huɗu. Ina kallonta ta gilashin har ta sami jifni.

Dubu ashirin da bakwai suka rage. Kafinta ya auna ya ce za su rufe ɗakinta da kicin, sauran sai wani jiƙon. Na ce a yi. Ni na kira Marivic na gaya mata, ta yi kuka, ta zage ni don ban faɗa da wuri ba, sannan ta zage ni don na kunyata Ima a gaban mutanen kasuwa. Duka biyun na karɓa.

Kwana tara Ima ba ta yi mini magana ba. Abincina dai kullum yana kan teburi a rufe. Ranar Asabar da ake buga kwanon ina ƙasa ina miƙa wa kafinta, hadari na haɗuwa ta wajen dutsen Arayat, sai ta fito ta tsaya kusa da ni tana kallon sama.

"Meding ta ce wata 'yar Koriya ta zauna a kujerata ranar Laraba. Dannawa biyar, dubu arba'in."

Na miƙa wa kafinta wani kwanon.

"Kuɗina ne, Arnel. Da ka bar ni mako guda, da yau har ɗakinka ake rufewa."

Na buɗe baki. Duk bayanin yana nan, na Koya Wency da nawa, na ma ƙara gane shi fiye da da. Na duba fuskarta na ga ba inda zai shiga. Na ce, "Wataƙila, Ima."

"Ba wataƙila ba." Ta gyara tsayuwa. "Wata nawa ka rubuta?"

"Shida."

Ta lanƙwasa yatsu tana motsa leɓe. "Nuwamba ke nan."

"Eh."

"To. Riƙe wa mutum tsani da kyau, kana tsaye kamar an dasa ka."