Ɓawon Gyada a Kujerar Orval

Ranar Litinin motocin rusau za su shigo, don haka da hantsin Asabar na ɗauko Orval Dietz daga gidan 'yarsa domin mu yi wa tsohon filin tseren motoci kallon ƙarshe. Abokina ne tun muna firamare a ƙaramin garinmu na Iowa. A aljihuna akwai ƙunshin gasasshiyar gyada, a bakina kuma maganar da na shekara arba'in da ɗaya ina haɗiyewa.

"Wendell, har yanzu tuƙin kai gawa kake yi," in ji shi. "Ni dai ban san yadda ka taɓa cin kofi ba."

"Ai guda ɗaya ne tak," na ce.

"Shi ma nawa ne ka ara, tsohon banza."

Muka zauna a benci na uku na rumfar 'yan kallo. Ciyawa ta cinye da'irar jar ƙasar nan da muka ƙarar da ƙuruciyarmu a kanta. Da na lumshe ido sai filin ya koma yadda yake kafin zuwan motoci, lokacin da ake bikin amfanin gona a cikinsa kowane watan Agusta. Na ga dawakai suna jan ƙananan kekuna a wannan da'irar, ƙafafunsu kamar ba sa taɓa ƙasa. Na ga shanun da aka wanke aka taje, da mata riƙe da kek ɗin tuffa suna jiran alƙalai. Babban lilon nan yana ɗaga mutane a hankali har su hango inda gonakin masara suka haɗu da sama. Ta cikin wannan duka hayaƙin murhun Mama Haskett, mai sayar da gyada, yake ratsawa.

Da aka mayar da bikin wani gari, motoci suka gaji filin, duk 'yan tireda suka bi bikin, ban da ita. Ta san dokarmu ta direbobi: gyada mai ɓawo ba ta shiga inda ake ajiye motocin tsere, domin mun yi imani duk wanda aka ga ɓawo a motarsa ba zai gama tsere lafiya ba. Saboda haka ba ta taɓa wuce bakin ƙofa da keken gyadarta ba.

Ranar wani babban tsere, shekara arba'in da ɗaya da suka wuce, Orval ne direba, ni kuwa na jiran ko-ta-kwana. Na sayi gyada a wurinta da safe, na zuba ɓawon a kujerarsa. Na daɗe ina gaya wa kaina wasa na yi, amma na san sarai ba zai shiga motar ba. Bai shiga ba. Mai motar ya miƙo mini hular kwano, na ci tseren. Orval kuwa ya nufi bakin ƙofa a fusace, ya hamɓare murhun tsohuwar, kwamitin fili ya hana ta dawowa. Tana tsintar gyadarta a ƙasa ta ɗago ta dube ni, don ta san wanda ya saya da safe. Amma ba ta tona ni ba. Bayan shekara shida ta rasu.

"Kana jin ƙamshi?" in ji Orval, yana shaƙar iska. "Kai, tsufa! Sai nake jin kamar gyadar matar nan."

Na fito da ƙunshin na ajiye a tsakaninmu. Ya ja jikinsa gefe kamar ya ga kunama.

"Ɗauke abin nan! Hauka kake?"

"Orval, ba ita ta zuba maka ɓawon ba. Ni ne."

Ya yi dariya, sannan ya kalli fuskata, dariyar ta tsaya. Iska tana kwantar da ciyawar da'irar tana tayarwa, tun daga kwana ta farko har ta huɗu, kamar wata mota ce da ba a gani take zagawa.

"Kofin bai dame ni ba," ya ce daga ƙarshe. "Gwangwani ne. Amma ka bar ni na sa ƙafa na ture murhun matar da take ba mu gyada kyauta muna yara. Ka tsaya kana kallo."

"Na tsaya."

"Kullum na wuce kabarinta sai na kau da kai. Shekara nawa ke nan?"

Na roƙe shi gafara, ya ɗaga mini hannu.

"Ba yau ba. Kuma ba ni ne farkon wanda za ka roƙa ba."

Ya dogara sandarsa ya miƙe da ƙyar. Na zaci zai ce in mayar da shi gida kada in ƙara zuwa. Sai ya sa hannu ya ɗauki ƙunshin gyadar, ya rungume shi a ƙirji.

"Tashi ka kai ni maƙabarta. Ni zan riƙe wannan, kai za ka yi bayani." Ya taka mataki biyu ya waiwayo. "Kuma ka taka motar nan, Wendell. Mun riga mun makara."