Kwandon Albasar Godiya

Ni dai har gobe ban yafe wa kwandon albasar nan ba.

Ɗiyata Raihanatu na aure a Madina, shekara uku ke nan rabona da ita. Mu kuwa a Danwarai sabis ɗin waya sai a hankali, ka ce “salamu” ya yanke kafin “alaikum”. Ran nan ina tankaɗe a bayan rumbu, daidai katangar da ta raba mu da sabon ofishin masu gyaran irin albasa, sai wayar da Raihanatu ta aiko min ta hau kuka. Na latsa, sai ga fuskarta tarwai! Wallahi sai da na zubar da garin. Ita ta yi min bayani, wai waifai ne, wato layin intanet na ofishin, ya tsallako katanga, ba su kulle shi ba.

Tun daga ranar, kullum bayan la'asar ina bayan rumbu. A nan na ga cikinta yana girma, a nan na koya mata yadda ake dama kunun kanwa. Kewarta ba ta fita ba, amma ta yi sauƙi.

Sai maigidana Malam Uba ya sa baki. Shi mutumin fadama ne, in ruwan maƙwabci ya malalo cikin fanginka ka je ka yi godiya, haka ya taso ya gani.

“Barakatu, wata biyar muna shan ruwan mutane ba mu ce an gode ba?”

“Malam, iska ce fa. Wa ka taɓa ji ya yi godiyar iska?”

Ina! Ya zaɓi manyan albasa ya cika kwando, ya sa babbar riga ya tafi.

Da ya dawo kwandon na hannunsa. Ya zauna ya ba ni labari. Ashe shugaban ofishin, wani Abdulrazak, bai ma san a buɗe abin yake ba. Ya tarbe shi da mutunci, amma ya ce hawa layin wani ba izini laifi ne a doka, ana iya kai mutum kotu a kansa. Ya ce shi ba zai kai ƙara ba, sai dai in aka yi wata ɓarna ta layin, shi za a kama, don haka dole ya kulle. Albasar ma ya ce ba zai karɓa ba.

“Mi ya kai ka, Malam? Mi ya kai ka?” Abin da na iya faɗi ke nan, ina kuka. Haihuwa saura mako biyu.

Na ci gaba da zuwa bayan rumbu. Sunan layin na nan a wayar, da ɗan hoton kwaɗo a gefensa. In ɗaga ta sama, in juya gabas, in juya yamma, shiru.

Wani direban Jega, ɗan'uwan mijin Raihanatu, shi ya kawo mana labari kwana biyu bayan ta sauka. Mace ce, kuma sunana za a sa mata.

Ranar suna na fito da la'asar, sai na tarar Malam ya riga ni. Yana tsaye jikin katanga, ya ɗaga wayar sama da hannu biyu, babbar rigarsa duk ta kwashi ƙasa. Bai ji zuwana ba.

“Raihanatu,” yake cewa a hankali, “nuna min ita ko sau guda.”