Sunan da Maryama Ba Ta Faɗa

Shekara ashirin da uku ina aikin asibiti, ban san ban iya karɓar baƙi ba sai da aka kira mu bita a Tambuwal. Sunana Batula. Ni ce babba, ni ce ƙarama a wani asibitin sha-ka-tafi da ke kan hanyar Kebbe, inda rabin masu zuwa manoma ne, rabi kuma matan rugagen da kan sauka bakin fadama idan damina ta ja baya.

Bitar ta kwana uku ce, wata ƙungiya ta shirya, wai don a koya mana mutunta al'adun jama'a. Da na ɗaga kai na ga wanda zai koyar, saura kaɗan in ƙware da ruwan leda. Mutawakkil ne, ɗan Hajiya Atu, wanda danga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Ina budurwa aka haife shi, na goya shi, ya sha jiƙa mini zane. Yanzu ya yi karatu a wata ƙasa da ban riƙe sunanta ba, ya dawo da tabarau da igiyar kati a wuya da Hausar rediyo, yana kirana Sista Batula.

Ya koya mana cewa idan mara lafiya ya shigo, a dube shi tsakiyar ido a yi masa murmushi. Na tuna yadda tsofaffin ƙauyenmu za su ɗauki yarinyar da ta tsare su da ido tana washe baki. Aka raba mu rukuni-rukuni muka zana bishiyar al'ada a farar takarda. Aka ci shinkafa da kaza, wannan kam ba wanda ya yi gardama.

Ranar ƙarshe aka ba kowane asibiti kayan aiki: ƙorai takwas masu zane da za a kafa a bango, malfa ɗaya, da allo mai cewa "Jabbama", wato maraba da Fulatanci, an rubuta da boko don matan da ba su taɓa shiga aji ba. Sai kuma wata faffaɗar waya. Daga yanzu, in ji Mutawakkil, yaro ba zai shiga shirin maganin tamowa ba sai uwarsa ta rungume shi an ɗauki hoto, ta faɗi sunansa da bakinta wayar ta naɗa. Sannan lamba za ta fito, da lambar ce za a sako ledojin maganin daga Tambuwal. Ya ce an yi haka ne don a ba uwa murya.

Na ɗaga hannu na ce, "To in ɗan fari na fa?"

Ya ce, "Tambaya mai kyau ƙwarai, Sista! Bari mu ajiye ta, za mu dawo kanta."

Ya rubuta tambayata a wata 'yar takarda ruwan ɗorawa, ya manna a bango. Ina jin har yau tana can, in dai masu shara ba su tausaya mata ba.

Mako biyu da kafa ƙorai, wata tsohuwar rugga mai suna Na'iya ta shigo da yaro a baya. Ba ta ko dubi allon maraba ba. Bango ta tsaya tana kallo, ta riƙe haɓa.

"Malama, wane marar imani yah huda ƙorai masu kyau haka da ƙusa? Yanzu ko ruwa ba su riƙewa."

Na ce, "Goggo, don a girmama ku anka yi."

Ta ce, "To Allah shi saka. Da an ba mu su da rai, da mun fi godewa."

Ta kwance goyo, dariyar da ke bakina ta tsaya. Jikanta ne, ɗan 'yarta, Shafi'u, ɗan shekara ɗaya da rabi. An kawo shi yaye wurinta, zawo ya kama shi, ya bar shi daga fata sai ƙashi. Gashinsa ya yi ja, idanu sun faɗa, ko kuka ba ya iya yi da ƙarfi. Na naɗa masa ma'aunin damtse, ya shige cikin ja sosai. Irin wannan yaron ba a yi masa sai wani mako.

Na ce a kira uwarsa. Na'iya ta dube ni kamar na zage ta.

"Maryama? Ɗan farinta na fa! Kuma sunan baban mijinta anka sa mai. Ta ɗauke shi gaban mutane, ta kira sunanai? Malama, ke ba 'yar ƙasag ga ba ta?"

Ni kuwa 'yar ƙasar ce. Na san mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a idon jama'a, ko ciwo yake sai dai ta ce "wancan" ba ya jin daɗi, zuciyarta na ƙuna fuskarta a bushe. Balle a rugga, inda kunya ta fi saniya daraja, balle kuma sunan suruki. Na sani, wayar ce ba ta sani ba.

Na yi dabara, na sa Na'iya a matsayin uwa. Ta rungume shi ta faɗi sunan har da kirari, domin ita jika abin wasanta ne, angona take ce masa. Bayan kwana uku saƙo ya dawo daga ofis cewa mai shekara sittin ba ta haihuwa, in kiyaye gaba. Ranar na yi takaicin da ban taɓa yi ba a aikin nan. Kwana uku sun tafi a banza, ina ta ba yaro ruwan gishiri da sukari da kunun da na dama a gidana, maganin gaskiya kuwa yana jibge a sito a Tambuwal yana jiran murya.

Na hau babur na je rugga da kaina. Na sami Maryama tana wanke ƙwarya, yarinya ce da ba ta wuce ashirin ba. Na yi mata bayani dalla-dalla, ba ta ɗago ba. Sai da na juya zan tafi na ji ta ce, can ƙasa-ƙasa, "Alhamis."

Ashe Alhamis ɗin ce ranar da Mutawakkil zai kawo baƙi daga Abuja su ga asibitin da ya fi kowane mutunta al'ada. Ni ba a sanar da ni ba sai da mota ta tsaya. Mata biyu suka fito da kyamara, suka ɗauki ƙorai ta hagu, suka ɗauka ta dama. Ɗaya ta ɗora mini malfa a kan hijabi ta ce in yi murmushi. Hular maza ce, amma wa ya tambaye ni?

Na'iya tana zaune a tabarma da yaron. Maryama kuwa tana can gindin aduwa, nesa da ƙofa, ta ba asibitin baya tana tsinkar ciyawa, kai ka ce hanya ce ta biyo da ita. Da Mutawakkil ya ji labarin, sai fuskarsa ta yi haske kamar an yi masa albishir.

"Wannan ita ce damar da muke nema!" in ji shi. "A kira ta. Za mu nuna wa duniya yadda ake ba uwa murya."

Aka taso ta. Ɗakin ya cika: baƙi biyu, direba, masu jiran allura, har da wani dattijon rugga da ya zo wankin ciwo, wanda ashe ƙanen surukinta ne. Mutawakkil ya tsuguna gabanta, ya tsare ta da ido, ya washe baki, daidai yadda ya koya mana. Ya ɗauki yaron ya miƙa mata.

"Maryama, ki saki jikinki. Nan wuri ne da ake mutunta al'adarki. Rungumi ɗanki, ki faɗa mana sunansa da ƙarfi."

Hannuwanta ba su motsa ba. Ta sunkuyar da kai har mayafi ya rufe fuskarta, na ga yatsun ƙafarta suna tonon siminti. Kyamara na kanta. Dattijon ya kau da kai yana salati. Can sai ta juya ta nufi ƙofa, Na'iya ta karɓe jikanta ta fara neman zanen goyo. Na san idan suka fita ba za su dawo ba, kuma na san abin da zan ji daga rugga kafin sabon wata.

Mutawakkil ya juya wurin baƙinsa yana cewa irin turjiyar da ake fama da ita ke nan a karkara. Nan haƙurina ya ƙare. Na cire malfar na ajiye a tebur.

Na ce, "Mutawakkilu."

Ya waiwayo, domin rabon da a kira shi haka ya daɗe.

"Kai ɗan fari na ko ba ɗan fari ba? Shekarakka talatin da fuɗu. Gaya ma baƙinka, da wane suna Hajiya Atu taka kiran ka?"

Kowa a unguwarmu ya san Hajiya Atu "kai wanga" take ce masa, in ta matsu ta ce "mai tabarau".

Na ce, "In da wagga waya anka ba mu sa'adda kay yi ƙyanda, da yanzu ba ka nan, balle ka koya muna al'ada. Ku fita. Duk ku fita, har ke Goggo."

Na yi tonon silili a gaban baƙi, na sani, kuma ban yi nadama ba. Na karɓi yaron daga hannun Na'iya, suka fita sumui-sumui. Na tare Maryama a bakin ƙofa na jawo ta ciki. Na kwantar da yaron a tabarma, na jingina wayar da kwalbar magani, na nuna mata inda za ta danna. Na rufe taga, na fita na ja ƙofa, na tsaya a jikinta na ba ta baya kamar mai gadi.

Na jira har na fara sarewa. Sai na ji motsin zane. Sai na ji wata murya da ban san Maryama na da ita ba, siririya, tana rawa.

"Shafi'u."

Ta sake faɗa. Ta faɗa na uku, sannan kuka ya ƙwace mata, tana yi masa magana da Fulatanci, maganar da ba ta wayar ba ce, ba tawa ba ce. Ni ma na share hawaye da bakin hijabi. Daga baya Na'iya ta gaya mini cewa duk ranar da ta kawo yaron, Maryama na biye da ita daga nesa, ta laɓe a cikin dawa har su fito.

Da ta buɗe ƙofa, yaron na kwance a tabarma inda na bar shi, fuskarta a bushe kamar ba ita ba. Ta wuce mu ta koma gindin aduwa. Lamba ta fito a waya. Washegari ledoji suka iso a bayan babur.

Kafin su tafi ranar, Mutawakkil ya bar baƙinsa a mota ya dawo. Ya cire tabarau, Hausar rediyon ma ta gudu.

"Inna Batula," ya ce, "da gaske Hajiya ba ta taɓa faɗin sunana ba? Ko sau guda?"

Na ce, "Sau guda nij ji. Ranar da ƙyanda tat tasam ma kashe ka, da hantsi, kowa ya tafi gona. Ina shanya bayan danga. Ta aza ba kowa."

Ya daɗe tsaye yana murza igiyar katinsa, sannan ya shiga mota.

Kada ku ɗauka duniya ta gyaru. Rahoto ya fito da hoton ƙorai a bangonsa, da ni sanye da malfa, an rubuta cewa adon gargajiya ya sa wata uwa ta yi watsi da tsohuwar al'ada. Bayan wata guda aka aiko wa kowane asibiti labule, wai Labulen Sirrin Uwa, tare da umarnin cewa dole ma'aikaci da shaida ɗaya su shiga ciki da ita don tabbatarwa. Nawa labulen yana tagar ɗakin haihuwa, yana tare rana sosai.

Mako takwas Na'iya tana kawo angonta awo, har ma'auni ya bar ja, ya ratsa ruwan ɗorawa, ya shiga kore. Ranar da na sallame shi yana tsakar asibiti yana bin kaza da rarrafe, sai ga Maryama da tallan nono a ka. Ta bi ta gefensa ba ta ko dube shi ba. Ta sauke ƙwarya gabana, ta cika mini kwano, ta ƙi karɓar ko sisi. Ta kafa ido a kan aduwa, ta ce:

"Malama, an ce wancan ya yi ƙiba."

Na ce, "Ya yi."

Ta gyara gammo, na taya ta ɗaukar kaya, ta tafi.