Kurkunun Ajimi

A Guci kowa ya san idan kurkunu ya fito wa mutum, gidan Furera ake kai shi. Za ta jiƙa ƙafar a ƙwarya har tsutsar ta leƙo, ta kama kanta da tsinken kara, ta naɗe tsawon gaɓar yatsa, ta ɗaure tsinken a jikin ƙafar da zare, sai kuma gobe. Wani mako uku, wani wata biyu. Wanda ya yi gaggawa tsutsar ta katse a ciki, ƙafa za ta kumbura ta ruɓe, in da sauran kwana a gurgunce, in babu a tafi kushewa. Shekara ashirin da ƴan kai tana wannan aiki da ta gada wajen kakarta, ko sau ɗaya ba ta taɓa katse wa wani ba. Ta wanke mugunya, ta kwashe bayan gidan wanda ba ya iya tashi, ta sha zagin masu zafin ciwo, ladanta ƙwaryar hatsi in an tuna da ita. In aka tambaye ta abin da ya liƙa ta ga wannan wari, sai ta ce ita dai ba ta iya jin nishin mutum ta zauna.

Mutum ɗaya ne ya mutu da kurkunu a gidanta, shi ne ɗanta Ya'u. Shekarar da annoba ta share shanu aka rasa takarkari, sai masu karɓar hatsin wani basarake suka koma kama majiya ƙarfi suna ɗora musu kaya. Babbansu, Ajimi, ya iske Ya'u a zaure da tsinke a idon sawu, kwana goma sha ɗaya da fara naɗi. Furera ta durƙusa tana roƙo. Ajimi ya ce ai wannan ɗan zaren ba zai hana ƙato tafiya ba, ya sa hannu ya fizge, aka ɗora wa saurayin hatsi zuwa garin Dungas. Ya'u bai kai Dungas ba ya faɗi. A kan jaki aka dawo da shi, ya kwana tara ƙafar kamar turmi, sannan ya cika a cinyar uwarsa.

Shekara huɗu ta yi tana kai ƙara wajen Allah. A kaka ta biyar sai ga mutum biyu sun shigo zaurenta da ƙato a kan amuku, gadon ɗaukar mara lafiya, yana kuka kamar mai naƙuda. Ajimi ne. Ya sha ruwan tafki irin na talakawa, kurkunu kuwa bai tambayi yaron wane ne ba, ya fito masa a idon sawun dama.

"Inna, an ce hannunki na da albarka," in ji shi. "Ki cece ni."

Bai gane ta ba. Ina zai gane ta? Irin su Ajimi ba sa kallon fuskar mai roƙo, rumbunsa suke kallo. Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Ta ce a kwantar da shi a kan tabarma. Mutanensa suka ajiye shi suka wuce da hatsi, suka ce sai sun dawo.

Tun kafin ta jiƙa ƙafar ta gama shawara. Za ta naɗe masa kwana goma sha ɗaya cif, a na goma sha biyu ta katse, ya ɗanɗana abin da Ya'u ya ɗanɗana daidai wa daida. Ta san abin da zai biyo baya: daga ranar ta zama matar da kurkunu ya katse a hannunta, uwaye za su yi ta raɗa, wasu su ɗauke ƴaƴansu zuwa wajen mai magani a Kwaya. Ta ce a ranta su ɗauke.

Babu majinyacin da ya taɓa samun kulawa irin ta Ajimi. Da hantsi ta wanke ƙafar da ruwan bagaruwa, ta shafa man kaɗe, ta juya tsinke a hankali. Ta dama masa fura, ta kore masa ƙudaje. Maƙwabciyarta Balaraba, wadda ta yi wa Ya'u ɗinkin likkafani, ta daina gaishe ta.

"Ke kam ba ki da zuciya," in ji Balaraba a bakin rijiya.

"Ina da ita, yaya. Ajiye ta na yi."

Shi kuwa gogan ya sami sauƙi, baki ya buɗe. Ya riƙa ba ta labarin garuruwan da ya girgiza da rumbunan da ya fasa, yana dariya, yana cewa in ya tashi zai aiko mata da zane. Tana ji, tana naɗi.

A rana ta goma haƙurinta ya gaza. Ta ga idan ta katse bai san dalili ba, zai ɗauka ƙaddara ce, har ya yi mata godiyar ƙoƙari, wannan kuwa ba ramuwa ba ce. Tana riƙe da tsinken ta ce, "Ka taɓa shiga zauren nan, ranka ya daɗe."

"Ni? Yaushe?"

"Shekarar mutuwar shanu. Nan inda kake kwance ka fizge wa wani saurayi tsinke. Ya'u sunansa. Ni na haife shi, ni na rufe masa ido."

Ajimi ya dubi hannunta, ya dubi farar tsutsar da ta miƙe tsakanin tsinke da namansa, siririya kamar zaren ɗinki. Gumi ya karyo masa. Ya fara cewa shi aike ne, umarni aka ba shi.

"Umarnin ɗaukar kaya aka ba ka. Fizgar taka ce." Ta ɗaure tsinken da kyau, ta miƙe. "Sai gobe, in Allah ya kai mu."

Washegari ta zo ta naɗe gaɓa ɗaya kamar kullum. Yana kyarma har tabarmar na motsi, fura ma ya kasa sha. Furera ta ji daɗin wannan sosai, ba ta kuma ji kunyar jin daɗin ba. Saura kwana ɗaya.

Da la'asar tana sussuka a bayan gida ta ji ihu. Ta iske shi zaune, tsinke a hannunsa, guntun tsutsa na lilo. Tsoro ne ya sa wawan ya ce bari ya ƙarasa jan da kansa ya gudu kafin gobe. Mutumin da ya yi kwana goma sha ɗaya yana kallon yadda ake aikin bai koyi komai ba.

Furera ta tsaya a kansa. Shekara huɗu tana jiran abu ɗaya, ga shi mutumin nan ya sake fizge mata shi daga hannu.

"Ko wannan ma sai da ka ƙwace," ta ce.

Kafin kwana uku ƙafar ta haye har cinya. Zazzaɓi ya kwantar da shi, wari ya hana kowa wucewa ta ƙofar. Mutanensa suka dawo, suka leƙa, suka toshe hanci, suka ce za su gaya wa maigida ya nemi wani. Balaraba ta shigo da fara'a a karon farko.

"Allah ya yi miki, ƙanwata. Ja ƙofa ki bar shi, kwana tara ma ba zai yi ba."

Furera ta ja ƙofar. Ta zauna gindin turmi daga hantsi har azahar tana jin nishinsa ta bayan dangar kara. Ta gaya wa kanta mutuwar kwana tara ta yi masa araha, gara ya rayu yana jan ƙafa a gaban mutanen da ya wulaƙanta. Ko wannan ne dalilin, ko kuwa nishin ne ya tashe ta, ita kanta ba za ta iya rantsewa ba. Ta dai aika a kira wanzami ya yi sakiya, ita ta danne ƙafar, mugunya ta cika kasko.

Kwana arba'in da biyu tana matsa, tana wankewa, tana juya shi don kada bayansa ya ci, tana ɗura masa kunu da ludayi. Ba ta yi masa magana mai daɗi ko ɗaya ba, ba ta kuma tsallake wanki ko ɗaya ba. Ya rayu. Gwiwar ta ƙage, ba za ta sake miƙewa ba, ya rame har haƙarƙarinsa na ƙirguwa.

Ranar da ya iya tsayawa da sanda, ya dafa bakin zaure ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Inna, don girman Allah ki yafe mini."

"A'a."

"Kin yi mini abin da uwata ma ba za ta yi ba."

"Jinya aikina ce, na yi. Maganar Ya'u kuwa tana nan, za ka iske mu da ita gaban Allah, ni da shi." Ta naɗe tabarmar da ya kwanta a kai. "Kama hanya tun rana ba ta yi zafi ba. Akwai mai jiran wurin nan."

Ya fita yana dogara sanda. Daga Guci zuwa Dungas, a tafiyarsa ta yanzu, kwana uku ne, kuma babu wanda ya yi masa tayin jaki.