Barandar Dona Gertrudes

A layinmu na bakin kogi a Porto, babu wanda bai san abin da ya hana Dona Gertrudes, matar mai kifin gishiri, cin abinci a shekarar nan ba. Baranda ce.

Mijin Leocadia, maƙwabciyarta ta tsallaken layi, ya dawo daga Brazil aljihu cike, ya sa aka kafa wa matarsa baranda ta ƙarfen zubi, da ganye da nonnan inabi kamar ka tsinka, ga wata 'yar fuska a tsakiya. Ta Gertrudes kuwa sanduna ne miƙaƙƙu, ƙirar maƙeri tun zamanin kakan mijinta. Duk wanda ya wuce sai ya ɗaga kai wajen Leocadia, ya ba Gertrudes ƙeya. Ita ko kallon abin ba ta taɓa yi sosai ba, sai ta wutsiyar ido, tana tsaki.

"Anselmo, kai ba ka jin kunya?" ta ce wa mijinta. "Matarka a bayan sanduna kamar 'yar kurkuku."

"Sun riƙe uwata, kuma ta fi ki nauyi," in ji shi.

Ga bikin coci ya matso, ranar da ake zagaya gari da mutum-mutumin waliyyi, kowa ya fito barandarsa. Gertrudes ta rantse ba za a gan ta a bayan sandunan nan ba. Ta hana Anselmo miya da barci har ya sallama, ta yafa mayafi ta tafi gidan zubin ƙarfe wurin Bento, wanda ya yi ta Leocadia.

"Irin ta waccan matar nake so. Ko ganye ɗaya kada ka rage."

"Duka, Dona? Har da ta tsakiyar?"

"Mala'ikar? Ita ce ma ta farko! Ko ita kaɗai ce mai addini a layin?"

Bento ya koma bakin aiki. Ya ɗauko sassaƙen katakon da ya yi waccan da shi, ya danna cikin yashi, ya zuba narkakken ƙarfe.

Ranar da aka kafa, Gertrudes ta fito da sabbin 'yan kunne ta dafa ƙarfen. Sai ga Leocadia ta leƙo, ta dafe ƙirji.

"Wayyo maƙwabciya! Ashe haka kike ƙaunata?"

"Ƙaunar me?"

"Fuskata mana! Maigidana ya sa aka sassaƙa ni yadda nake ina budurwa. Dubi hancin!"

Gertrudes ta sunkuya ta duba. Hancin ne kuwa, har da ɗan karkacewarsa. Wata mai gasa kifi a ƙasa ta yi dariya har ta zauna a kan kwandonta.

"Anselmo! Guduma!" in ji Gertrudes.

Bento da ke tattara kayansa ya ce, "A'a, Dona. Wannan ba ƙarfen maƙeri ba ne da zai lanƙwasa. Kika buga, fashewa zai yi kamar tukunya, ke da barandar ku sauko tare."

Sai ta ruga ciki ta yaye jan zanen gadon aurenta, wanda ake shimfiɗawa a baranda ranar biki kaɗai, ta rufe fuskar. Tsofaffi masu wucewa suka riƙa cire hula suna tambaya wane waliyyi ne zai wuce yau.

Ranar bikin, kowa ya shimfiɗa nasa zanen, har Leocadia. Duk ƙarfen layin ya ɓuya, ba wanda ya ga inabin kowa. Washegari mata suka kwashe zannuwansu suka ninke.

Na Gertrudes yana nan. Ruwa ya dake shi, rana ta cinye jan. Kullum da safe Leocadia takan fito da kofinta, ta ce, "Maƙwabciya, ɗan ɗaga mini zanen in sha iska mana." Gertrudes kuwa sai ta ƙara maƙale shi tamau.